Abin da Ya Amsa a Gurbin Jemage

Ranar Lahadi ce a tsakiyar bazara, irin ranar da zafi ke korar kowa daga gida zuwa rafi. Rana ta riga ta faɗa bayan tudun gonakin kofi. Kaji sun hau bishiyar lemo, hayaƙin itace ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan rufin ƙauyenmu, ba iskar da za ta ɗaga shi. Herminia na tsaye gaban kasko tana juya tortiya, wainar masarar da muke ci kullum, ƙafafunta sun kumbura da hawan tudu, ga tukwanen da aka ci abinci da su a bakin ruwa jibge kusa da randa, ba wanda ya kalle su. Shingen waya kaɗai ya raba gidana da nata, kuma ni na riƙe 'yarta Noemi ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna komadre. Abin da ban gani da idona ba a wannan labari, daga bakinta na ji shi.

Ta ja numfashi, ta shirya wa faɗa kamar kullum, sannan ta ɗaga murya.

"Noemi! Tukwanen nan uwar wa suke jira?"

Duk unguwa ta san abin da ke biyo bayan wannan kira. Shiru tukuna, sai kira na biyu, sai tsaki daga ƙuryar ɗaki, sai "Na ji mana, Mama, ai ni ba kurma ba ce." Haka Noemi take tun tana ƙarama, da ta kai shekara goma sha shida kuma aka saya mata waya, sai abin ya ƙaru. Amma a wannan maraice, kafin Herminia ta rufe baki, yarinyar na tsaye a ƙofar kicin, hannuwa a haɗe a gaba.

"Ga ni, Mamita. Yanzu zan wanke su."

Herminia ta tsaya da tortiya a hannu har ta ƙona mata yatsu. Noemi ba ta taɓa ce mata Mamita, wannan kiran na shagwaɓa, ba. Gashin yarinyar kuma yana ɗigar ruwa, alhali tun la'asar suka baro rafi, a bayan akori-kura, cikin iska mai zafi. Ta durƙusa gaban randa, ba ta nemi fitila ba, ta ɗebo yashi daga aljihunta, ta shiga goge gindin tukwane a hankali, a hankali, kamar mai jin daɗin abin.

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Cipriano, mijin Herminia, ya zabura daga kujerarsa ya ɗauki adda da tocila, yana zagin 'ya'yan maƙwabta tun daga kakanninsu. Ya zagaya gida, ya leƙa cikin ayaba, ya dawo bai ga kowa ba. Dutsen ya gangaro ya tsaya a bakin ƙofa, Herminia ta sunkuya ta ɗauka. Sumul yake, mai sanyi, da gansakuka a jikinsa, kuma jiƙe sharkaf. Rabonmu da ruwan sama an yi watanni, irin wannan dutse kuwa ba a samun sa sai a ƙasan Gurbin Jemage.

Gurbin nan can ƙasan kwazazzabo yake, inda rafi ke faɗowa daga kan dutse ya taru a ƙarƙashin tsohon ɓaure. A nan kowannenmu ya koyi iyo, ban da Herminia, wadda tun tana yarinya ruwa bai taɓa wuce idon sawunta ba. Ita dai ta zauna a bakin gaɓa tana duban kawunan yara tana ihu. Wurin yana da masu shi, kowa ya sani, ba ma kuma ambatar su idan rana ta yi sanyi. Shi ya sa ba uwar da ke barin bakin ruwa haka kawai. Sai ta karyo reshe, ta fuskanci gurbin, ta riƙa dukan ƙasa tana kiran ɗanta da sunansa, taho mu tafi gida, kada ka zauna a nan, har sai yaron ya amsa da bakinsa. In bai amsa ba, jikinsa ne kawai zai hau tudu, kurwarsa na can tana wasa. Haka aka yi mana, haka muke yi wa namu. Sai dai tun da Cipriano ya sassaƙa matakala a jikin tudun, ya ɗaura igiyar lilo a ɓauren, 'yan birni suka gano wurin. Suna zuwa da akwatunan kiɗa da wayoyi, in kuma suka ga mace na dukan ƙasa tana kiran yaron da ke tsaye a bayanta, sai su yi ta dariya suna ɗaukar hoto.

Da aka zauna cin abinci, Noemi ta ɗanɗana waken ta ajiye cokali, ta ce da gishiri, ta ci tortiya gaya. Herminia ta dube ta, ta dubi dutsen da ke kan tebur, ta ce kamar mai lallashin kanta:

"Ai na kira ta. Na kira ta, ta kuma amsa. Har mamaki na yi, kira ɗaya ta ce ga ni nan."

Cipriano na tauna ya ce, "Wa ya amsa, tsohuwa? Tun kafin ki ɗaure tukwane yarinyar nan ta hau sama. Ta ce ba za ta tsaya ki kunyata ta gaban samarin birni ba. A mota na same ta, da abin jin kiɗan nan toshe a kunnuwa."

Herminia ta ajiye tortiyarta. Noemi na kallon ta tana murmushi, ruwa na ɗiga daga gashinta a kan tebur.

A kwanakin da suka biyo baya, ban san wanne ya fi cin ran komadre ba, abin da ya shigo mata gida ko mutanen da ta kai wa kukanta. Wa zai saurari uwar da ke kuka don 'yarta ta yi ladabi? Noemi na tashi kafin zakara, ta share tsakar gida, ta wanke masara ta kai niƙa, ta wanke har kayan da ba su yi datti ba. Wayarta ta mutu a ƙarƙashin filo, ba ta nemi caja ba. Idan aiki ya ƙare sai ta zauna gefen randa ta tsoma hannu a ciki, ta yi shiru, har inuwa ta cinye tsakar gida. Rana na faɗuwa duwatsu za su fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, daga cikin tankin ruwan gidan kuma a ji kamar yara na dariya a ƙarƙashin ruwa. Shimfiɗarta kullum a jiƙe. Fatar yatsunta ta yamutse ta yi fari, irin ta wanda ya daɗe a rafi, leɓunanta suka fara komawa shuɗi, tana ramewa a kan idonmu.

Wata rana Herminia ta kira ni bakin shinge, idanunta jajur.

"Komadre, yau na gwada ta. Na zubar da kofi da gangan na ce ita ta zubar. Na ce mata raguwa, na ce mata mummuna. Kin san me ta ce? Kin yi gaskiya, Mamita. Sannan ta kawo ruwan ɗumi ta gasa mini ƙafafu." Ta share hanci da gefen mayafi. "Kuma na ji daɗi, komadre. Tunda nake ba wanda ya taɓa gasa mini ƙafa. Ina zaune ina jin daɗi, 'yata kuwa ban san inda take ba."

Cipriano bai ga abin tashin hankali ba.

"Shekara nawa kina addu'a ta yi hankali? Ga shi ta yi, kin koma kuka. Ke wai me zai gamsar da ke a duniyar nan?"

"Ka dubi bakinta, tsoho. Ka taɓa hannunta ka ji."

"Ba ta cin gishiri ne. 'Yan matan yanzu ba sa son ƙiba. Mai jifa kuwa, bari in kama ɗan banzan."

Ta kai ta ƙaramin asibitin da ke gari. Nas ta ja fatar idon yarinyar ta ce ƙarancin jini ne, ta ba da ƙwayoyi, da ta ga yadda Noemi ta yi mata godiya har da rusunawa sai ta ce, "Baiwar Allah, ki ba ni aron ta, in ba ki tawa ki ga abin kuka." Limamin coci ba ya zuwa ƙauyenmu sai wata-wata. Ta bi shi har gari, ya saurare ta yana duban agogo, ya ce ta rage damuwa ta yawaita addu'a. Surukarta kuwa cewa ta yi jinin gidansu ne ya fara nunawa a jikin yarinyar.

Daga baya ita da kanta ta ɗauki rigar Noemi da reshe ta gangara gurbin, ina biye da ita. Ta tsaya a bakin gaɓa ta yi ta dukan ƙasa tana kira har muryarta ta dushe. Ƙarar ruwa ta haɗiye kiran. Wasu 'yan birni da ke shanya jiki a kan dutse suka tafa mata. Muna hawowa ta tsaya ta dubi wajen teku, inda hadari ya fara taruwa a kan duwatsu.  Mu biyu mun san abin da tsofaffi ke faɗa: ruwan farko in ya sauka, rafi ya cika ya wanke gurbin, duk kurwar da ke ciki sai teku, daga nan kuma ba kiran da ke dawo da ita.

Mutum ɗaya ya rage, Don Evaristo, tsohon da ke zaune can bayan tuddai, wanda ya yi shekaru yana koyar da addu'o'i a coci kafin ya gaji aikin kakarsa na kiran kurwa. Cipriano ya rantse ba zai ƙona mai ya ɗauko mai fesa wa mutane barasa a ƙeya ba. Herminia ta roƙa, ta yi faɗa, ta daina yi masa magana, duk a banza. Abin da ya karya shi, wani maraice yana shan romo, dutse ya faɗo tsakiyar kwanonsa, romo ya wanke masa gashin baki. Ya ɗaga tocila ya duba rufin, ba huda ko ta allura. Noemi ta taso da tsumma ta goge masa fuska da hannunta mai sanyi tana cewa, "Sannu, Papito." Washegari da safe ya tayar da akori-kura ya tafi ɗauko tsohon.

Da la'asar suka iso. Sama ta yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Don Evaristo ya sauko da ƙyar yana dafa sanda, yana tsine wa hanyar da wanda ya tuƙo shi a kanta. Ya sa kowa ya juya rigarsa bai-bai, don kada masu gurbin su ruɗe mu. Ya kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu, ya zuba turare a garwashi, ya zaunar da Noemi a kujera tsakiyar ɗaki. Ya shafe ta da ɗanyen ƙwai tun daga kai har tafin ƙafa, ya fasa shi a kofin ruwa. Yashi ne ya zubo. Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya ɗauki damin ɗoɗoya ya shiga karatu, wani da harshen coci, wani da harshen kakanni da mu ba mu iya ba, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ta hawa ba ta sauka. Ya kurɓi barasar rake ya fesa mata a ƙeya.

Yarinyar ta yi atishawa. Murmushin ya zame daga fuskarta, kafaɗunta suka rankwafa, ta naɗe ƙafafu a kan kujera. Muryar da ta fito ƙarama ce kamar ta yaro, amma tsufa ya ci ta, da gurgurar ruwa a cikinta.

"Kai ne, mai ciwon gwiwa? Kakarka ta fi ka iya fesawa."

"Ta fi ni," in ji Don Evaristo. "Wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?"

"Matar gida. Ta tsaya ta yi kira, mai sunan ba ta amsa ba. Suna na yawo a kan ruwa ba mai shi, sai na ɗauka. Sata na yi?"

"Ina yarinyar?"

"Tana bayan ruwa mai faɗowa, wajen jemagu. Tana zaune ta kumbura baki, ko mu ba ta amsa mana. 'Yan uwana sun gaji da ita. Su ne ke jifan nan, wai in koma a zo a kwashe musu ita."

Herminia ta toshe baki da mayafi. 

"To ka koma," in ji tsohon.

"Ba inda za ni. A can kiɗa ba dare ba rana, kwalabe a ƙofarmu, ƙattai na faɗo mana a ka daga igiya. A nan kuwa kullum ana kirana. Zo ki ci, zo ki kwanta, sa riga kada sanyi ya kama ki. Ka tambaye su mana, wa suka fi so? Kai mai gashin baki, ban goge maka fuska ba?"

Cipriano ya sunkuyar da kai.

"Jikin da kake ciki mutuwa yake yi," in ji Don Evaristo. "Ba na ruwa ba ne, ba zai ɗauke ka ba."

"Ya kai ni damina, ya isa."

 Tsohon ya kwance ƙullin gishiri daga aljihu, ya fara zagaye kujerar da shi a hankali. Abin ya ƙara naɗe ƙafa, ya yi ƙara irin ta ɓera, ya ce a tsaya a yi magana.

Nan aka shiga ciniki, kuma ban taɓa ganin ciniki mai cin rai irinsa ba, ga hadari na ƙara duhu a taga. Abin ya ce a ba shi taba, aka ba shi. Ya ce alewar gyaɗa, na ruga gida na ɗauko, ya ce ba irin wannan ba, sannan ya karɓa. Ya ce a sare igiyar ɓaure. Cipriano ya buɗe baki, Herminia ta juyo ta kalle shi, ya rufe. Sai ya ce a raɗa masa suna nasa na kansa, a riƙa kiran sa da yamma ko daga nesa ne. Don Evaristo ya buga sanda a ƙasa ya ce wannan kam har abada, duk wanda ya ba shi suna ya ba shi mabuɗin gida. Abin ya yi fushi ya juya mana baya ya ƙi magana. Muka tsaya muna kallon ƙeyar yarinya, kyandir na narkewa, har aka yi tsawar farko can wajen teku.

"Don Evaristo," in ji Herminia, "wasa ake yi da ni a cikin gidana? Ruwa zai sauko!"

"Haƙuri, 'yata. Haka suke."

"Haƙurin nan ni kaɗai aka haifa wa shi?"

Abin ya waiwayo a hankali, da alewa a kunci.

"To. Wadda ta kira ni ita za ta mai da ni. Ba bakin gaɓa ba, har ƙofa, hannunta cikin nawa, ita kaɗai. Daga gaɓa yarinyar ba ta jin kira." Ya yi 'yar dariya. "Na san ba ta shiga ruwa. Shekara da shekaru muna kallon ƙafafunta."

Cipriano ya ce shi zai shiga a madadinta, abin ya ce ba shi ya yi kira ba. Don Evaristo ya sa abin ya rantse da babban masu gurbin cewa zai bi da ita ta kan dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin ruwa, ba ta zurfi ba, zai kuma saki jikin da zarar yarinyar ta amsa. Ya rantse yana tsotsar alewa. Herminia ba ta jira ƙarshen rantsuwar ba, ta riga ta damƙi hannun 'yarta ta ja ta waje.

Mun gangara matakala cikin wani irin haske mai ruwan toka, Cipriano goye da Don Evaristo, ni riƙe da sandarsa da garwashin turare. 'Yan birni sun gudu saboda hadari, ba kowa a gurbin sai ƙarar ruwa. Cipriano ya ajiye tsohon a kan saiwar ɓaure, ya hau ya sare igiyarsa, ya sauko bai kalli kowa ba.

"Ki saurara da kyau, 'yata," in ji Don Evaristo. "In kun fito, kada wanda ya waiwaya, kada kuma wanda ya amsa wa abin da ke bayansa, ko da muryar wa ya zo, har sai mun kai saman tudu."

Herminia ta yi alamar gicciye, ta tuɓe takalma, ta shiga da rigarta da komai. Ruwa ya wuce idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.  Abin da ke cikin Noemi na gaba yana jan ta, yana tafiya kamar a tsakar gida. Da ruwan ya kai mata ƙirji ta tsaya, na ɗauka za ta juyo, sai ta ɗaga haɓa ta ci gaba. Jemagu suka fara fitowa daga bayan ruwan suna shawagi a kan gurbin. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu.

Ta isa gaban ruwa mai faɗowa, kanta kaɗai ke waje. Ta ce mini daga baya da lallashi ta fara. Noemi, 'yata, taho mu tafi gida. Noemi, zuciyata, ba zan ƙara yi miki faɗa ba, taho. Ta yi ta faɗa tana haɗiyar ruwa, ba amsa. Mu da ke gaɓa kuwa muna ganin abin da ita ba ta gani: ruwan da ke faɗowa daga sama ya fara sauya launi, ganyaye da tsinkaye na biyo shi. An riga an yi ruwa a kan tuddai.

"Yi sauri, tsohuwa!" Cipriano ya yi ihu, ya shiga har gwiwa, Don Evaristo ya riƙe masa wando.

Abin ya matso kusa da kunnenta ya ce, "Kin gani, Mamita? Ba ta so. Mu koma gida in gasa miki ƙafa."

Ban san daga ina muryar ta zo mata ba, ita da ta dushe tun tuni, amma har saman kwazazzabo an ji ta.

"Noemi del Carmen Chagala! Ni za ki mayar mahaukaciya? Na shiga ruwa har wuya da girmana, ina roƙon ki kamar na ci miki bashin rai, kina zaune kina jina! Na rantse in na iso wurin nan da ƙafata sai kin gwammace zama da jemagu! Wayar nan taki kuwa yau a murhu za ta kwana! Fito nan, marar kunya!"

Jikin yarinyar ya saki gaba ɗaya ya nutse. Herminia ta kai hannu cikin ruwa, ta kama abin da ta samu, ta finciko. Kan Noemi ya fito tana tari tana amayar da ruwa.

"Wayyo gashina! Mama, sake ni! Na ji mana, sai kin tara mini duniya?" Ta ja tsaki, ta share ido, sannan ta ga inda suke. "Mama! Me kike yi a cikin ruwa? Ke da ba ki iya iyo ba!"

A daidai nan rafin ya sauko, ja wur da laka, ya ɗauke ƙafar Herminia daga kan dutsen. Noemi ta cafke ta ta baya, hannu ɗaya ƙarƙashin haɓarta, ta yi iyo da ita tana zagin ruwan tana zagin nauyin uwarta, har Cipriano ya kamo su a bakin gaɓa. Leɓunan yarinyar na rawa, amma jini ya fara dawowa cikinsu.

Ba mu tsaya ba. Cipriano ya goya tsohon ya yi gaba, Noemi na jan uwarta, ni a ƙarshe. Ruwan sama ya ɓarke, garwashin turare ya mutu a hannuna, matakala ta yi santsi. Mun kai tsakiyar tudu sai muka ji ta daga ƙasa, daga wajen ɓauren, tana ratsa ƙarar rafi. Muryar Noemi ce sak, amma ta lokacin da take 'yar ƙarama, lokacin da take tsoron tsawa.

"Mamita. Mamita, kin bar ni. Ba ita ba ce wannan, ni ce. Sanyi nake ji."

Herminia ta tsaya cak. Ina bayanta, ina ganin ruwa na gangarowa daga gashinta, ina ganin wuyanta ya fara juyawa kaɗan-kaɗan. Na so in riƙe mata kai, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Muryar ta ƙara kira, yanzu da kuka a cikinta. Bakin komadre ya buɗe.

"Mama, don Allah ki taka mana!" in ji Noemi daga sama, tana fizgar hannunta. "Ruwa na dukana, yunwa kamar ta kashe ni, ke kin tsaya kamar gunki. Kuma me kika ce za ki yi wa wayata?"

Herminia ta rufe bakinta. Ta dubi hannun da ke jan ta, mai ɗumi, mai ƙarfi, marar haƙuri. Ta damƙe shi, ta ɗaga ƙafa ta taka matakala ta gaba.

"A murhu na ce," ta faɗa, hawaye da ruwan sama na gudu a fuskarta. "Wuce mu je, kafin in haɗa da cajar."